Neman Man Gaharu da Mataccen Hanci

Sallar asuba kawai muka idar muka bar unguwarmu ta Bukit Jalil, ni da maigidana da wata ƙawata, a motar aro. Sati biyu ke nan da ɗage dokar hana zirga-zirga, kowa ya fito titi kamar kajin da aka buɗe wa akurki. Niyyata in ga yadda ake tatsar man ud, wanda mutanen ƙasar nan da muke zaune ke kira gaharu, in sayo na humrar da nake haɗa muku. Sai dai akwai abin da na ɓoye. Tun da korona ta kwantar da ni wata bakwai da suka wuce, hancina ya daina aiki. Mai sana'ar turare ce ba ta jin ƙamshi, kuma maigidana kaɗai ya sani.

Mun tsaya a wani mamak, wato shagon abinci na bakin hanya, muka karya da roti, wata irin wainar fulawa, da shayin madara. Rotin ya ƙara kuɗi, ya kuma rage faɗi. A ƙofa aka auna zafin jikinmu, na ce a raina da hanci ake aunawa da tuni asirina ya tonu. A hanyar Kajang muka wuce masu sayar da durian, ɗan itacen nan mai tsananin wari, ƙawata ta toshe hanci duk da takunkumin da ke fuskarta. Na yi maza na toshe nawa don kada ta gane.

Zangon farko babban kamfani ne. Ma'aikacin da ya zagaya da mu ya nuna mana komai: a niƙa itacen, a jiƙa shi makonni, a zuba a tukunya a yi ta dafawa kwana da kwanaki. Tururin ya bi bututu ya huce ya koma ruwa, man ya taso sama kaɗan-kaɗan a kwashe. Tukwanen ƙarfe ne jere reras, sun fi ashirin. Maigidana ya raɗa mini cewa ai kayan aikin masu ogogoro ne sak, niyya ce kawai ta bambanta. A nan haɗe man duk tukwanen suke yi, don kwalbar bana ta zama daidai da ta bara. Aka miƙo mini ɗan tsinke na shinshina, na ce masha Allah. Iska kawai na shaƙa.

Daga can muka hau hanyar Hulu Langat, mai lanƙwasa tsakanin duwatsu da itatuwa. A can muka sami wasu 'yan'uwa biyu masu tukwane huɗu a rumfar bayan gidansu. Su ba sa haɗawa, kowace dahuwa da kwalbarta da alamar gonar da itacen ya fito. Babban ya ce in dahuwa ta ɓaci ba su da inda za su ɓoye ta, da sunansu ake saye.

Rumfar nan ta tuna mini da tsakar gidanmu a Fagge. Inna, mahaifiyata, ita ta koya mini sana'ar. Ba ta taɓa awo da cokali ba. Takan ɗiga a bayan hannunta, ta je ta tuƙa tuwo, ta dawo ta shinshina, sannan ta ce a ƙara abu kaza. In na yi gaggawa ta ce turare ba ya son mai ɗoki. Ta rasu lokacin da aka rufe filayen jirgi, a waya na karɓi gaisuwa. Sana'ar nan ce kaɗai gadon da ya iso ni, shi ya sa na kasa faɗa wa kowa cewa tana neman kuɓuce mini. Na yi ta haɗi da ƙiyasi, gabana na faɗuwa duk ranar da wata ta karɓi kwalba.

'Yan'uwan ne suka tura mu wurin wanda ya koya musu, wani tsohon malamin makaranta a Gombak da kowa ke kira Pak Cik, wato kawu. Tukunyarsa ɗaya ce ta tagulla a bayan kicin, duk ta yi baƙi. Ba ya sayarwa. A shekara bai fi ya cika 'yan kwalabe ba, ya raba wa maƙwabta da Sallah. Matarsa ta kawo mana shinkafar kwakwa da yaji, ta tsaya a kanmu sai da muka ƙara.

Bayan mun ci, ya ɗiga mini wani mai a wuyan hannu. Na kai hanci, na lumshe ido, na ce kai, wannan daɗi kamar fure. Sai na ga ƙawata ta yamutsa fuska ta ja baya. Na manta abin da duk mai turare ta sani: sabon man ud warin garke yake fara yi, sai ya kwana biyu yake kwantawa.

Tsohon ya dube ni, ya ce a hankali, "'Yata, jiya na kwashe wannan. Tun yaushe hancinki ya tafi?"

Ban san lokacin da hawaye suka zubo ba. Ƙawata ta riƙe hannuna. Shi kuwa ya ce nasa hancin ya yi shekaru da dusashewa saboda tsufa. Shi ke lura da wuta da ɗigar mai, matarsa ke shinshinawa ta yanke hukunci. "Aron hanci boleh," in ji shi, wato ya halatta, yana nuna maigidana, wanda kullum nake yi wa gorin bai san bambancin miski da man shafawa ba.

Ruwan la'asar ya raka mu har gida, muka iso kafin magariba. Na ga masu tatsar turare iri uku: kamfani na neman yawa, 'yan'uwan nan na tsaron sunansu, tsohon kuwa don so yake yi, kuma shi da ba ya neman cinikina shi ya faɗa mini gaskiya. To ni ma ga tawa: duk humrar da kuka karɓa a watannin nan, wadda ta haɗa ba ta ji ƙamshinta ba. Ku yafe mini.

Jiya na haɗa kwalba ɗaya, na miƙa wa maigidana wuyan hannuna. Ya daɗe yana shinshinawa, ya ce sandal ya yi yawa. Na yi masa gardama don sabo, sannan na sake haɗi.