Babur ɗin Auta Mai Sirdi Ɗaya

Ranar da Auta ya shigo da babur ɗin nan sai da muka yi kaca-kaca a ƙofar gidansa. Ni ce yayarsa, ni na goya shi, ban ga dalilin tauna magana ba. Na ce, "Auta, shekara sittin da ɗaya, furfura har a gira, ka rasa abin saya sai wannan dodon? Ina matarka za ta zauna?" Ya ce babu wuri. "Kaya fa?" Ya ce babu. Na ce to ka sayi hauka, Allah ya ba ka lafiya. Kwana uku ban amsa gaisuwarsa ba. Ni ce ban yi daidai ba, kuma ba kowace shekara nake faɗin haka ba.

Shekara talatin da huɗu Auta ya yi yana rarraba tukwanen gas a kan wani ƙaramin babur na kamfani, huɗu a baya, ɗaya tsakanin ƙafafu. Duk ramin da ya faɗa sai ƙarfe ya doke shi a gadon baya. In ya tashi aiki kuma na gida na jiransa: a kai katifa gidan wance, a ɗauko keken ɗinki daga gyara, a tsaya kasuwa. Ba wanda ya taɓa ce masa "ina za ka?" Sai dai "tunda za ka..." Shi kuwa bai iya a'a ba. Tun yana yaro haka yake, ko maƙwabta sun san ɗan aike ne na kyauta.

Da kamfani ya sallame shi, wata biyu ya yi yana zagaya shagunan babura. Ya hau wannan ya taka ƙasa da ƙafa biyu, ya sa a tayar da wancan ya rufe ido yana sauraro. Masu shago suna ta nuna masa masu akwati a baya, "Baba, wannan buhu biyu yake ɗauka," shi kuma yana wucewa kamar bai ji ba. Can a ƙarshen wani shago ya gan shi: baƙi wuluk, dogo, ya kwanta ƙasa-ƙasa, hannuwa a buɗe, bututun salansa biyu suna sheƙi, sirdi guda ɗaya mai faɗi kamar kujerar falo. Bayan sirdin ba komai sai murfin taya, sumul. Auta ya shafa murfin nan da tafin hannu tun daga sama har ƙasa, yana neman inda mutum zai maƙala igiya. Bai samu ba. Ya ce, "Shi nake so."

Kullum da safe in ya sha shayi sai ya sa hular kwano ya fita. Ba gudu yake ba. Ya bi titin da ya wuce masana'antu har gada, ya jingina baya, iska na cika masa riga, ƙarar injin na bugawa a ƙirjinsa dum, dum, dum. Ya tsaya ya kalli ruwa, ya juyo. Ya dawo hannu biyu, ba ko leda. Mutumin da ban taɓa jin ya yi fito ba, sai ga shi yana fito yana goge tanki.

Wannan fiton ne ya tsaya wa mutanen gidansa a wuya. Matarsa tana ganin ƙaton babur yana fita wayam ita tana neman mai kai mata albasa. Babban ɗansu, wanda suke kira Injiniya don ya taɓa gyara fanka, ya ce ai abu ne mai sauƙi.

Suka jira ranar da Auta ya tafi cire haƙori. Injiniya ya tura babur ɗin zuwa wurin mai walda na ƙarshen layi. Shi kansa mai waldan, Allah ya yi masa albarka, sai da ya ce, "Irin wannan ba a kai masa wuta." Injiniya ya ce, "Ƙarfe ai ƙarfe ne." Aka yanko ƙafar wani tsohon gado, aka liƙa masa kariya a baya, wurin ɗaure kaya, mai faɗin faranti. Fenti ya ƙone ya yi bororo.

Auta ya dawo kumatu a kumbure, auduga a baki.

"Baban Injiniya, ka ga mun gyara maka shi," in ji matar, tana murmushi, don wallahi har ranta gani take alheri ta yi.

"Yanzu ya zama babur, Baba," in ji ɗan.

Ya daɗe yana kallo. Ya kai yatsa kan ƙunar, ya janye. Ya shige ɗaki. Washegari da kansa ya durƙusa ya jawo tsofaffin igiyoyin robarsa daga ƙarƙashin gado. Abin da ya ƙona mini rai ke nan. Mako guda yana jigila: albasa, tabarmi, talabijin ɗin surukarsa. Rana ta takwas na gan shi ya wuce ta ƙofata da tukunyar gas a baya tana dukansa, ya sunkuya kamar da.

Na ari zarton ƙarfe wurin maƙwabcina na bi shi har gida.

"Sannu da zuwa, Yaya," in ji matar. "Me za a yanka?"

"Aikinku."

Injiniya ya taso. "Haba Gwaggo, amfani fa muka duba. Babur yana shan mai a banza..."

"Kai kana cin abinci a gidan nan shekara talatin, an liƙa maka ƙarfe a baya? Ga ƙafa, ga kafaɗa irin ta ɗan dambe. Ɗauki tukunyar nan ka shiga da ita."

Ya ɗauka. Matar ta ce ita dai ba ta san abin zai zama laifi ba. Na ce na yarda, kuma shi ne abin takaicin.

Na miƙa wa Auta zarton. Ya tsaya yana kallonsa, yana kallon matarsa.

"Yaya, an riga an yi. Kuma suna bukata."

"Bukatarsu ba ta ƙarewa. Kai ne za ka ƙare. Yanke."

Ya zauna a kan bokiti ya fara. Har azahar yana goga, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ba wanda ya taya shi, ni ma ban bari ba. Da ƙarfen ya faɗi ƙasa ya yi ƙara, tabo huɗu suka bayyana a kan murfin, munana, ba fentin da zai ɓoye su. Ya kawo tsumma ya goge su a hankali. Ya sa hula, ya tayar, ya kai bakin titi. Sai kuma ya taka birki ya waiwayo.

"Yaya, ko akwai abin da zan taho miki da shi?"

Na ce, "Akwai, da yawa ma. Ba kai za ka kawo ba. Tafi."