Fenariti a Gaban Suruki

Abubuwa da yawa na aikin nan sun shige mini, amma ban taɓa mantawa da yammacin da muka tafi filin Goronyo da manaja da tsarinsa na gina sabuwar ƙungiya, muka dawo babu tsarin babu manajan ba. Ku da kuka shigo aikin bana ku gyara zama, don wannan ba a koyar da shi a kwas.

A lokacin ni ne kakakin ƙungiyar ƙwallonmu ta Wurno, wadda ake wa laƙabi da 'Yan Albasa. Ga wanda bai san yadda abin yake ba, a sama akwai kwamiti da shugabansa, su ke naɗawa su ke saukewa. Ƙarƙashinsu sai manaja, shi ke da ikon ɗauko ɗan wasa, ko sallamarsa, ko musanya shi da na wata ƙungiya kafin a rufe rajistar gasa. Sai koci, mai horarwa. Sai ni. A baki, aikina shi ne in bayyana wa jama'a manufofin ƙungiya. A zahiri kuwa, manaja ya yi ɓarna da safe, ni in je majalisa da la'asar a zage ni a madadinsa. Wallahi har uwata da ba ta san ƙwallo zagayayyiya ce ba ta sha rabonta.

Manajan namu na wannan kakar sunansa Nasiru, ɗan gari ne, yaro mai kirki, sai dai kallon ƙwallon Turai ya yi masa yawa. Daga hawansa ya tara mu ya ce ƙungiya ta tsufa, za a rushe a sake gini. Duk wanda gwiwarsa ke ƙara in ya miƙe, ya nemi hanya. Za a tara yara a kewaye ɗan gabanmu Basiru, wanda a lokacin ba a da kamarsa tun daga Wurno har Rabah, a yi haƙurin shan kashi na ɗan lokaci, daga baya a ci kofi. Na ce, "Manaja, mutanenmu ba su da haƙurin jiran tuwo ya huce, balle kofi." Ya ce in je in wayar musu da kai, aikina ke nan.

Ya sallami mutum biyu, aka yi gunaguni aka bari. Sai ya taɓo inda ba a taɓawa. Golanmu, Ummaru, wanda ake kira Ƙyaure, ya haura arba'in. Manomin albasa ne a fadama, tafin hannunsa kamar faifai, kuma tun wasunmu ba su yi gemu ba yake tsaron ragar nan. Nasiru ya bayar da shi ga 'Yan Gulbi na Rabah, ya karɓo yara biyu, gola da ɗan baya. Ka'ida ita ce sai ɗan wasa ya amince da bakinsa gaban masu shirya gasa. Muka zaci Ƙyaure zai ƙi. Da aka tambaye shi sai ya ce, "Tunda an ce na tsuhwa, a kai ni inda ba su sani ba." Ya ɗauki safar hannunsa ya fita, ko waiwaye bai yi ba.

Ranar na san na shiga uku. Majalisarmu tana bakin tukubar Ɗan'ige mai tsire, kuma kafin in iso ta riga ta dare biyu. Ɗan'ige ke jagorantar masu cewa da tsohuwar zuma ake magani. Malam Bello tela ke jagorantar masu goyon bayan manaja, yana cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

"Ga ɗan koren nan ya iso," in ji Ɗan'ige, yana nuna ni da wuƙar yanka nama. "Sanusi, hwaɗa muna, mi Ƙyaure yay yi muku? Kun ba da bijimi kun amso 'yan awaki biyu, ɗaya ma da zawo!"

Na ce musu tsari ne na dogon zango.

"Dogon zango? Mu jirgi munka hau?"

Malam Bello ya ce, "Kai Ɗan'ige, ka ji tsoron Allah. Ba kai na bara kac ce Ƙyaure sai an yi sallama kahin shi hwaɗi ƙasa ba?"

"Ni nac ce! Namu na, mu ad da ikon zaginai. Wa yac ce a ba mutanen Rabah?"

Haka muka kwashe watanni. An auna shekarun Ƙyaure, an auna tsawon sabon golan, an yi musu kan wanda ya fi tsalle, abokai sun daina gaisawa, wani ma ya janye ɗinkinsa daga shagon Malam Bello. A duk wannan surutu babu mahaluƙi ɗaya, har da ni, da ya tuna abin da kowa a garin ya sani. Basiru yana auren ɗiyar Ƙyaure ta fari. Duk mun ci shinkafar bikin.

Kada ku yi mamakin yadda muka manta. Kunyar surukuta a wajenmu ba wasa ba ce, kuma su biyun sun iya ta har ta daina ganuwa. Basiru bai taɓa kiran sunan Ƙyaure ba, Ƙyaure bai taɓa kiran nasa ba. A mota ɗaya na gaba ɗaya na can baya. In an kawo abinci, Basiru ya ɗauki nasa ya zagaya bayan mota. A fili kuwa Allah ya raba su da kansa, wannan yana wannan raga, wancan yana can gaba yana neman waccan. Da Nasiru ya yi musanyarsa, sai ya ɗauko surukin ya dasa shi daidai inda Basiru ke harbi. Basiru kuma ba shi da bakin da zai ce a bar masa surukinsa, don ko zancensa ba ya iya yi a gaban mutane.

Ba mu farga ba sai da aka jefa ƙuri'ar wasan kusa da na ƙarshe, ta haɗa mu da 'Yan Gulbi, a filin Goronyo don kada kowa ya ce an yi a gidan wani. Ina karanta sanarwar a majalisa sai Ɗan'ige ya ajiye wuƙa ya dafe kai. "La'ilaha illallahu! Basiru za shi harbi surukinai?" Majalisa ta fashe da hayaniya. Daga ranar aka bar zancen shekarun Ƙyaure aka koma kan Basiru. Wasu suka ce ai an riga an sayar da wasan a ɗakin matarsa. Wasu suka rantse in ya yi wa surukinsa kara, ba zai sake sa rigar 'Yan Albasa ba, kuma ya nemi wata kasuwar da zai riƙa kai albasarsa. Shugaban kwamiti shi ma ya kira Nasiru ya ce masa, "Manaja, in Rabah ta hidda mu da golan da kab ba su, ka san sauran."

Nasiru ya aike ni in lallashi Basiru. Na same shi a fadama yana ban ruwa, ya kashe inji muka zauna a kan kunyar gona. Na fara yi masa wa'azin da aka ba ni, cewa fili daban gida daban. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Yaya Sanusi, in na ci, da wane ido za ni shiga zaurenai? In ban ci ba, da wace ƙahwa za ni bi cikin gari?" Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Na koma na ce wa manaja komai ya daidaita, don kakaki ba ya komawa da hannu biyu.

Ranar wasa fili ya cika har kan katanga. Tun daga busa usur Basiru ya zama wani mutum daban. Ya yanke mutum uku kamar wasa, da ya hango Ƙyaure sai ya nemi wanda zai miƙa wa. Kafin hutun rabin lokaci 'Yan Gulbi suka zura mana ɗaya, ta tsakanin ƙafafun sabon golan nan namu na dogon zango. Ina jin muryar Ɗan'ige daga bayana yana tambaya ko akuyar ce mai zawon.

Ana dab da tashi aka kwashe ɗan wasanmu a cikin da'irar gola, alƙali ya nuna fenariti. Kyaftin ɗinmu, mai hankali, ya ɗauki ƙwallon zai buga da kansa. Sai magoya bayanmu suka ɗauki ihu, "Basiru! Basiru!" Ba don ƙauna ba, so suke su gani. Nasiru kuma ya daka tsawa daga benci cewa tsari tsari ne, Basiru ke bugun fenariti. Na ce masa, "Manaja, ka rufa wa yaron nan asiri." Ya ce in tsaya a aikina.

Basiru ya ajiye ƙwallon. Ya ɗaga kai suka haɗa ido da surukinsa, abin da ban taɓa gani ba. Jiki ya riga hankali, sai ga Basiru ya rusuna a gaban dubban mutane ya ce, "Baba, ina wuni." Ƙyaure ya ce, "Lahiya lau." Fili ya kwashe da dariya, har alƙali sai da ya juya baya. Aka busa. Basiru ya taho kamar mai tafiya kan ƙaya, ya turo ƙwallon a hankali, irin yadda ake miƙa wa babba goro. Ƙyaure ya duƙa ya ɗauka.

Abin da ya fito daga bakin mutanenmu ba zan maimaita shi a nan ba. Ledojin ruwa suka fara sauka, ana kiran Basiru maci amana, shi kuwa yana tsaye kansa a ƙasa. Na ce a raina yaron nan ya gama ƙwallo a Wurno.

Sai na ga Ƙyaure bai buga ƙwallon gaba ba. Ya rungume ta ya nufi alƙali. Ga waɗanda ba su sani ba, doka ta ce gola ba zai bar layinsa ba sai an buga, in ya bari kuma ya tare, sai a sake. Ƙyaure ya kama hannun alƙali ya kai shi bakin raga, ya nuna masa ƙasa. "Ranka shi daɗe, ga sawuna. Na hito kahin shi buga. A sake." Ashe da ya ga irin tahowar Basiru, da gangan ya tako gaba. 'Yan wasansa suka yi masa caa, wani na jan rigarsa, kocinsu na ihu yana cewa dama ɗan leƙen asiri aka ba su. Mataimakin alƙali mai tuta, wanda ya gani tun farko ya yi shiru don yana son komawa gida lafiya, sai yanzu ya ɗaga tutarsa. Alƙali ya ce tunda yake bai taɓa ganin ɓarawo ya kawo kansa da shaida ba. Ya yi wa Ƙyaure gargaɗi, ya ce a sake.

Ƙyaure ya kai ƙwallon da kansa ya dire a gaban Basiru. Ina bakin layi, na ji abin da ya ce, don bai rage murya ba. "Manajanku ya ce na tsuhwa. Kai kuma ka zo gaban jama'a ka shaida mai? Buga min ƙwallo irin ta maza. In ka sake lallaɓa ta, kak ka koma taka min zaure."

Jama'a, na ga harbi a rayuwata, amma ban ga irin wannan ba. Ƙarar kaɗai ta sa na runtse ido. Da na buɗe, Ƙyaure yana kwance a gefen damansa, ƙwallon ta daki hannunsa ta daki ƙarfe ta fita waje. Tsohon ya tare ta. Sai kowa ya ɗauki ihu, namu da nasu, Ɗan'ige yana kuka da hawaye yana cewa, "Namu na! Namu na!" alhali yanzun nan aka fitar da mu daga gasa.

Kafin motarmu ta iso Wurno kwamiti ya sauke Nasiru ta waya, kuma ni aka ba sanarwar. Washegari a majalisa kowane ɓangare ya ce shi ya yi gaskiya. Ɗan'ige ya ce ga tsohuwar zuma nan. Malam Bello ya ce ai harbin ya nuna daidai ne a gina ƙungiya kan Basiru. Har yau ba su gama ba. Amma daga ranar babu wanda ya sake kiran Basiru maci amana, don duk wanda ya je Goronyo ya ji ƙarar nan da kunnensa.

Harbin ya karya wa Ƙyaure yatsa biyu. Da safe na je gaishe shi wurin mai ɗori, na tarar da Basiru a tsugune a ƙofar zaure, takalmansa a gefe, ya kasa shiga ya kasa tafiya. Na shiga. Ana jan yatsun, tsohon yana cije baki, da ya sami numfashi sai ya ce mini, "Sanusi, ce ma yaron nan shi tashi shi tahi gona. Kuma ce mai shi riƙa canza kusurwa. Kullum gehe guda yaka aika ta. Shekaru ina kallonai daga baya, ban da bakin hwaɗa mai."

Na leƙa na faɗa masa, ko da yake ya ji komai, don tabarmar ƙofa ce kawai tsakaninsu. Bai ɗago ba ya ce, "Ce ma Baba na gode."

To, ku sababbin shiga, abin da na koya ke nan. Za ku ji manajoji da 'yan majalisa suna auna ɗan wasa da shekaru da gudu da tsalle, kamar buhun albasa a kan sikeli. Ku bar su su yi, da shi ake cin tsire. Amma kafin ku ɗauke mutum daga wannan raga ku kai shi waccan, ku tambaya wa yake rusuna wa a gari, wa kuma ke rusuna masa. Ƙyaure bai sake tsaron raga ba, yatsun ba su koma daidai ba. In kun haɗu da shi a kasuwa ku miƙa masa hannu, zai nuna muku su tun ba ku tambaya ba, ya ce muku aikin surukinsa ne.