Sifika a Bakin Randa

Abubuwa da yawa sun wuce a rayuwata waɗanda ko an tuna mini sai na yi dogon tunani, amma ban da wannan. Ba zan taɓa manta daƙiƙar da matar yayana ta faɗo falo a guje ba, hannunta duk kumfar wanki, bakinta yana buɗewa yana rufewa, ni kuwa ina zaune dirshan a ƙasa ina kallonta, ko kalma ɗaya ban ji ba. A talabijin mutane suna ta rawarsu. Labule yana kaɗawa. Komai yana motsi, amma kamar an ɗauki gidan gaba ɗaya an nutsar da shi a ruwa. A nan na san wani abu ya same ni.

Bari in ɗan koma baya. A tsakiyar shekarun casa'in ne, na gama sakandare, ina zaune a gidan yayana a Suleja ina jiran sakamako. Yaya a Abuja yake aiki, kullum ya bi bas da sassafe, sai yamma ya dawo. Mutum ne mai son sauti. Yana da bidiyo da talabijin, amma muryar da ke fita daga talabijin ɗin siririya ce, shi da kansa yake cewa kamar sauro ya shiga gwangwani. Ni kuma ban taɓa shiga sinima ba, a gidanmu mace ba ta zuwa. Labari kawai nake ji a bakinsa, wai idan jirgin ƙasa ya taho a majigi har a ƙirji ake jin sa. Na daɗe ina kwana ina tashi da wannan magana.

Wata Asabar ya tafi da ni Madalla wurin wani mai gyaran rediyo, mutumin kudu ne da ya daɗe a nan har Hausa ta zauna a bakinsa. A wurinsa Yaya ya sayi amfilifaya, wato akwatin nan da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa sifika. Ta hannu ce, baƙa, da nauyi kamar dutsen niƙa. Duk abin da ya tanada a kanta ya ƙare, babu sauran na manyan sifiku. Sai ya zaro wata sifikar mota guda ɗaya da abokinsa ya ba shi. Mai gyara ya juya ta gaba da baya, ya karanta rubutun jikinta, ya yi dariya.

"Oga, abin da ka saya doki ne. Wannan da ka kawo akuya ce. Ka ɗaure su igiya ɗaya, doki ya zura da gudu, wa zai mutu?"

Yaya ya ce, "To akuyar nake da ita, maigida. Yaya za mu yi?"

"Da ka tambaye ni, ƙaramin inji zan ba ka daidai ƙarfinta. Amma ka gani ka so." Ya ɗauko jan fenti ya ɗiga a gefen abin murɗa murya, ko rabi bai kai ba. "Nan ne iyaka, har ranar da ka sayi sifikar da za ta iya ɗauka. Ko biki ake yi a gidan kada a wuce nan." Sai ya juyo wurina. "Ƙanwata, ke nake gaya wa. Na ga idonki."

Shi ne kuma ya ba da shawarar randa. A lokacin haka masu ƙaramin ƙarfi suke yi: in babu halin akwatin katako, a nemi randa a ɗora sifika a bakinta, cikin randar ya riƙa ba da amo. Yaya ya je wurin matan da ke ginin tukwane, ya yi ta gwada baki har ya sami wadda ta dace, ya zaunar da sifikar fuskarta tana kallon sama, ya naɗe gefen da robar taya. Matarsa, wadda nake kira Anti, ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu. "Mutane suna zuba ruwa a randa, ku kuna zuba waƙa. Allah ya shirye ku, kai da Autar taka."

Amma da ya kunna, ita ma zama ta yi. Ban san yadda zan kwatanta ba. Kiɗan ba daga talabijin yake fitowa ba, daga ƙasa yake tasowa, ya bi tabarma, ya hau ƙafafuna. Da aka yi tsawa a fim ɗin sai da na leƙa taga in ga ko hadari ne. Makonnin da suka biyo baya kamar a mafarki na yi su. In na gama aikin gida sai in saki labule, in sa kaset ɗin Indiya, in jingina da bango kusa da randar. Falon nan namu mai kujeru uku yakan buɗe ya zama duwatsu masu ƙanƙara, ya zama tashar jirgi, ya zama ruwan sama a garin da ban san sunansa ba. Wani lokaci har rufe ido nake yi, hoton ma ba na buƙata. Kuma ban taɓa wuce jan ɗigon nan ba, wallahi ban taɓa ba, sai ranar.

Ranar Talata ce bayan azahar, da damina. Ina cikin kallo wuta ta yi ƙasa, irin rabin wutar nan da ƙwan lantarki yake komawa ja kamar garwashi. Hoton talabijin ya tsuke amma bai ɗauke ba, bidiyo ma yana ta tafiya. Sautin ne ya shaƙe, ya yi ƙasa, ya ɓace. Waƙar da na fi so ce ake ciki. Maimakon in kashe in jira, sai na murɗa murya kaɗan. Shiru. Na kai ta jan ɗigon. Shiru. Na ce a raina ai wutar ba ta da ƙarfi, babu abin da zai faru, na murɗe ta har ƙarshe. Da na ga har yanzu babu komai, sai na durƙusa na kara kunnena na hagu a bakin randar, in ji ko tana ɗan motsi.

A daidai lokacin cikakkiyar wuta ta dawo.

Ba ƙara na tuna ba, duka na tuna, kamar an mare ni da faranti. Na tsinci kaina a ƙasa. Takardar sifikar ta yage, randar ta tsage daga baki har ciki, ɗakin yana warin ƙonanniyar waya. Sai ga Anti da kumfa a hannu, bakinta yana motsi.

Yau in na tuna abin da na yi bayan nan, shi ya fi ba ni tsoro. Kai na gyaɗa mata, kamar na ji. Da Yaya ya dawo ya tsaya a kan randar, na ga jijiyar wuyansa tana tashi, na san faɗa yake yi, sai na sunkuyar da kai na yi ta kuka. Suka ɗauka kukan faɗan ne. Ni kuwa a raina cewa nake yi, na lalata masa abin da ya daɗe yana buri, in kuma ce masa na kurumce? Da wane bakin?

Zuwa magariba kunnen dama ya fara dawowa, amma daga nesa, kamar ana magana a gidan maƙwabta. Na hagu kuwa babu komai a cikinsa sai wani siririn fito da ba ya tsayawa. Da safe na ga ɗigon jini a ɗankwalina, na wanke shi kafin kowa ya gani. Kwana biyu na yi ina yawo a gidan kamar inuwa. Ruwan sama ya sauka a kan kwano, ina ganinsa yana zuba daga indararo, amma sautinsa kamar ana yayyafa yashi a kan katifa. Ina kallon bakin mutane in yi murmushi inda na ga ya dace. In na kwanta sai in riƙa tuno muryoyi ɗaya bayan ɗaya, ta mahaifiyata, ta ladanin unguwarmu, ta mai tallan ƙosai, ina adana su kamar wadda za ta yi doguwar tafiya. Ina tambayar kaina, in na yi aure na haihu, ta yaya zan san jaririna yana kuka?

Rana ta uku na tuna kakarmu takan ɗiga mana mai mai ɗumi in kunne yana ciwo. Na shiga kicin na zuba man gyaɗa a cokali, na kara a wuta. Ina jira ya huce aka damƙi kafaɗata. Anti ce. Ta juya ni, ta kai bakinta kunnena na dama ta ɗaga murya.

"Sau huɗu ina kiranki, ina tsaye a gefenki! Me za ki yi da man nan?"

Na buɗe baki in yi ƙarya, kuka ya riga ni.

Washegari Yaya bai je aiki ba, shi da Anti suka tafi da ni asibiti. A cikin tasi ya zauna ta damana, da muka kusa isa ya sunkuyo ya ce, "Auta, ashe kina ganin a wurina sifikar mota ta fi ki daraja? Haka kika ɗauke ni?"

Likitar wata dattijuwa ce mai farin gilashi. Ta leƙa kunnen da 'yar fitila, ta daɗe tana dubawa. Sai ta ɗauko wani ƙarfe mai baki biyu, ta buga shi a gwiwarta, ta dasa gindinsa a kan ƙashin bayan kunnena na hagu. Can cikin kaina, a wurin da na riga na yi wa ta'aziyya, wani sauti ya tashi, siriri, mai tsabta, ya yi ta tafiya bai karye ba. Na riƙe hannunta ban sani ba.

"Kin ji?"

Na ce na ji.

Ta zagayo ta damana ta yi magana a hankali, kalma kalma. Ta ce dodon kunnen ne ya ɗan yage, amma jijiyar ji lafiyarta lau, kuma irin wannan yagewar da kanta take haɗewa cikin 'yan makonni, in dai ba a bar ruwa ko wani abu ya shiga ba. Anti ta ba ta labarin cokalin mai. Likitar ta cire gilashinta ta dube ni. "Da kin zuba, da yanzu wata maganar muke yi. Amma ba ki zuba ba. 'Yata, ba za ki kurumce ba. Ki je gida."

Ƙarfe goma sha ɗaya da 'yan mintuna ne, na ga agogon bangon ofishinta. Har yau in aka kawo wuta ba zato sai gabana ya faɗi, hannuna ya kai kunne kafin in ankara. Amma abin da na fita da shi daga ɗakin nan ya wuce maganar sauti. Ƙarar daƙiƙa ɗaya ta yi, kuma jikina ya iya gyara ɓarnarta. Shirun da na yi na kwana uku, don tsoron ɓacin ran wanda yake ƙaunata, shi ne ya kusa raba ni da kunnena. Tun daga ranar, in abu ya same ni, faɗa nake yi tun yana ɗanye, ko da muryata tana rawa.