Hannu Ɗaya a Aljihu

"Baba, ko wani za ka kira, hannun nan ba zai fito ba."

Mai gyaran wuta ne ke magana, idonsa na kan wayoyin da ke bangon shago. Mai shagon ya ƙulu: "Ina maka magana, hannunka a aljihu? Sa hannu biyu ka gama, kifina na lalacewa a firji!"

Telan da ke maƙwabtaka ya tsayar da kekensa yana kallo. Mai gyaran siriri ne mai 'yar furfura, takalminsa na roba mai kauri. Ya kashe layin, ya gwada, duk da haka hannun dama kaɗai ke aiki.

"Ba raini ba ne," in ji shi. "In wuta ta shiga ta wannan hannu ta fita ta wancan, ta ƙirji za ta bi. Kifinka da yawa, zuciyata ɗaya ce."

Sai da firji ya tashi ya zaro hannun hagu. Tela ya ga tabon ƙuna a tafin, yatsu biyu a lanƙwashe. Ƙila akwai ranar da ya biye wa wani mai gaggawa.

Ya rataya jakarsa, ya nufi shago na gaba.