Tambayar da Ban Ɗauka Ba

Shekarar da na ajiye aikin koyarwa aka sa ni cikin kwamitin da ke sa ido kan aikin 'yan sandan yankinmu, kuma tun a zaman farko aka ɗora mini sakatare. Rubutuna yana karantuwa, kuma an san ni da tsare ƙa'ida har ana yi mini tsiya. Matata takan ce ko gaisuwa ce, in ba a bi layi ba, ba na amsawa. Ba ta yi mini ƙazafi sosai ba.

Duk wata uku muke zama, a wani ɗakin taro mai fanka biyu, ɗaya ba ta juyawa. Cikinmu akwai 'yan kasuwa, da liman, da fasto, da tsofaffin ma'aikata, da wata hajiya mai makarantar kuɗi. Baturen 'yan sanda yakan zauna kusa da ciyaman, jama'a kuma su cika bencina a baya.

Tambaya iri biyu ce a wurinmu. Mutumin gari zai kawo mini tasa kafin ranar zama, in rubuta, in karanta a gaban kowa, baturen 'yan sanda ya amsa da baki, shi ke nan an wuce. Ba a yarda mai tambaya ya ƙara ko kalma ɗaya ba. Mamba kuwa tambaya ɗaya tak yake da ita a kowane zama, amma tasa tana da nauyi, don dole a ba shi amsa a rubuce cikin kwana bakwai, da sa hannu. Sai wata 'yar ƙofa da muka bari: in mamba bai riga ya yi tasa ba, yana iya cewa ya ɗauki ta wani daga cikin jama'a, ta zama tasa, ya haƙura da wadda ya zo da ita. Mambobi ke fara tambaya, sannan jama'a, sakatare kuma shi ne na ƙarshe saboda hannunsa na kan biro. Ni na tsara wannan duka, kuma ina alfahari da shi.

Ana saura kwana biyu wani zama, wata mata ta yi sallama a gidana da ke Barunde. Daga unguwar Malam Inna ta hawo keke mai ƙafa uku. Mutanen Borno ne, rikici ya koro su, sun yi shekaru a Gombe. Mijinta wankin hula yake yi a bakin kasuwar Nasarawo. An kai samame wurin ana neman wasu ɓata-gari, aka kwashe har da shi, ranar kwana tara ke nan. Ta je caji ofis uku, kowanne ya ce ba ya hannunsu.

"Baba, ni ba faɗa na zo ba," ta ce. Ta kwance wata baƙar leda ta nuna mini kwalabe da sirinji. "Ciwon suga gare shi. Kullum sai an yi masa wannan. A faɗa mini inda yake kawai, in kai masa."

"To, Malama, mece ce tambayarki?"

"Ina mijina yake? Ita ce kawai."

Na rubuta yadda ta faɗa. Bayan ta tafi na sake dubawa, sai na ga tambayar ta yi tsirara da yawa. Baturen 'yan sandan sabo ne, baƙonmu ne kuma, ban so a ce a zamansa na farko mun tsitsiye shi a gaban jama'a ba. Na gyara ta kamar yadda na saba gyara rubutun ɗalibai, ta koma: wane tsari ake bi wajen sanar da iyalan waɗanda aka kama? Har na ji daɗin yadda jimlar ta zauna.

Ni ma ina da tawa tambayar, wata uku ina dafa ta. Masu keke sun mayar da bakin layinmu tasha, in zan fito da mota sai na yi ta oda kamar mai roƙo. Rannan wani cikinsu ya ce mini, "Baba, ka yi kul dawun mana, kwantar da hankalinka, titin ai na gwamnati ne." Abin ya tsaya mini a rai. Na ci alwashi a gaban maƙwabta cewa a zama mai zuwa za su san wane ne ni.

Ranar zama, matar nan ta zo tun kafin a buɗe ɗakin, ta zauna a bencin gaba da ledarta a cinya. Mambobi suka yi tambayoyinsu ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan na jama'a na karanta tata. Baturen 'yan sanda ya gyara murya ya yi bayani mai kyau: doka ta ce a sanar da iyali, kuma ofishinsa a buɗe yake ga kowa. Aka ɗan tafa masa.

Sai ta miƙe, ta ɗaga ledar sama.

"Yallaɓai, ba haka na tambaya ba. Mijina..."

"Malama, zauna," na ce. Ni da bakina, ba ciyaman ba. "Ba a ƙari a kan amsa. Ƙa'ida ce."

Ta dube ni kamar ba ni ne na ba ta ruwa a gidana shekaranjiya ba, ta zauna.

Ciyaman ya tambaya, kamar yadda ya saba, ko akwai mamban da zai ɗauki wata daga cikin tambayoyin jama'a. Da Turanci ya faɗa, da sauri, yana duba agogo. Kowa ya riga ya yi tasa, ni kaɗai na rage. Hajiya mai makaranta ta juyo ta zuba mini ido. Na gane abin da take nufi sarai. Kalma biyu ce, in ce na ɗauka, kuma cikin kwana bakwai dole wani ya sa hannu a takarda ya faɗi inda mutumin yake. Na sunkuyar da kai ina rubutun da ba na komai ba. Na ce wa kaina ai baturen ya ji ta, zai bincika. Ai ba a kan mutum ɗaya aka kafa kwamiti ba. Gaskiyar ita ce, maƙwabtana biyu suna zaune a baya suna jiran su ji ni. Na miƙe na karanta tambayata kan masu keke.

Da aka tashi baturen ya ce mata ta same shi a ofis. Na ji sanyi a raina, na tafi gida. Daga baya na ji ta yi ta sintiri, yau yana taro, gobe ya yi tafiya. Ni kuwa kwana biyar aka kawo mini amsata cikin ambulan, aka kuma tashi masu keke daga bakin layinmu. Maƙwabta suka zo yi mini barka, na karɓa.

Ban sake neman labarinta ba. A zama na gaba ban gan ta ba, sai na ɗauka an sake shi. Haka ya fi mini sauƙi.

Bayan watanni na shiga kasuwar Nasarawo sayen wani abu, na ji an ce, "Baba! Baba sakatare!" Ita ce, tana tsaye kusa da wani mutum ramamme da ke zaune a tabarma yana goge hula a kan gungume. Sandunan guragu biyu na jingine a bango. Ƙafarsa ta hagu ta ƙare a gwiwa.

Ta ba ni labari a tsaye. Daga caji ofis an wuce da shi wani sashe, daga can sai gidan yari. Sai da ya yi mako shida kafin wani da aka sako ya kawo mata saƙo. Kotu ta sallame shi don ba a same shi da komai ba, amma wani ɗan rauni da ya ji a ƙafa ranar samamen ya riga ya ruɓe. A asibiti aka ce ba yadda za a yi, sai an yanke ta.

Ban sani ba ko kwana bakwai ɗin nan da sun ceci ƙafar. Na tambayi wani likita abokina, ya ce Allah kaɗai ya sani, amma mako guda ba ɗaya yake da mako shida ba. Wannan amsar ba ta bar ni na huta ba, kuma bai kamata ta bar ni ba.

Ina tsaye ina jiran ta zage ni, da na fi son haka. Sai ta sunkuya wajen mijinta ta ce, "Wannan ne baban da na faɗa maka. Duk garin nan shi kaɗai ya kai maganarka gaban manya."

Ba ta jin Turanci. Ba ta san abin da ciyaman ya tambaya ranar ba, ba ta san an taɓa buɗe mata ƙofa ba. Mutumin ya ajiye hular, ya kama hannuna da hannayensa biyu, ya yi ta yi mini addu'a, ni da 'ya'yana da iyayena da suka rasu. Ina ta cewa amin. Har yau ban faɗa musu ba.