Ganuwar da Ta Danne Baffana

Makon jiya maƙwabcina a nan Tambuwal ya sayi tifar dutse, zai zuba harsashin gida. Ina zaune a ƙofar gida ina duba littattafan yara, direban ya ɗaga bayan motar, duwatsun suka zubo gaba ɗaya. Ƙasa ta girgiza har cikin tafin ƙafata. Kai da ba ka taso inda na taso ba, ƙarar aiki kawai za ka ji ka wuce. Ni sai da na ajiye biro, domin na taɓa jin irin wannan ƙara ina yaro, kuma jikina bai manta ba.

Ƙauyenmu yana ƙasar Kebbe, a gindin wani tudu. Bisa tudun akwai kufai, an kewaye shi da ganuwar marmara, jan dutsen nan mai ƙuraje. Inda ba ta zube ba, mutum ko bisa raƙumi yake ba ya leƙa bayanta, kuma faɗinta ya isa mu yara mu yi tsere a kai ba mai ture wani. A ciki babu kowa sai kukoki, da rijiyoyin da suka cike, da fasassun tukwane waɗanda ruwan damina ke tonowa. Da rani muna kora shanu can su ci karan da ya rage. Ƙamshin wurin dabam yake, na sabara da kashin jemage da dutsen da rana ta gasa.

Kakana, mahaifin babana, yana alfahari da ganuwar nan kamar da hannunsa ya ɗora ta. In muka je kiwo sai ya dafa dutse ya ce wani sarki ne ya gina ta tun kafin jihadi, mahaya sun zo sun kewaye ta har guzurinsu ya ƙare, suka juya. Sunan sarkin bai sani ba, kuma ban taɓa jin wanda ya sani ba.

Kakata kuwa ba ta hawa tudun. Ko itace take nema ta gwammace ta yi nisa cikin daji, ko da rana ta take, ba ta raɓar inuwar ganuwar. Wata rana tana tankaɗe na tambaye ta dalili. Ta ce, “Maigidana, kakanka shina ba ka labarin waɗanda sunka zauna ciki. Ni mutanena su anka sa ɗaukar dutsen.” Ta ce kakarta ce ta gaya mata, ita ma ji ta yi. An kamo su daga kudu, aka sa su jigilar marmara da ka har gashin tsakar kansu ya ƙare. Wanda ya faɗi bai tashi ba, ba a tsayar da aiki dominsa. A tsakiyar ginin ake sa shi, a zuba ƙasa, a ci gaba. Na ɗauka irin maganar da ake tsorata yara da ita ce.

Sai shekarar fari ta zo. Ruwa ya sauka da wuri, aka yi shuka, gero ya kai gwiwa, sama ta ɗauke. Muka zuba ido ganye yana naɗewa. Kafin bazara ta kewayo rumbuna sun koma ɗakin ɓera, ana dafa tafasa da dusa a kira shi abincin rana. Shanun kakana ƙashin haƙarƙarinsu ana ƙirgawa daga nesa, in ka kai kasuwa ba mai tayawa.

A lokacin ne wani ɗan kwangila ya zo yana neman dutsen yin kwalbati a hanyar da ake gyarawa. Ya ga ganuwa, ya ga dutse a sassaƙe, a jere, ba sai an shiga daji an haƙo ba. Ya yi magana da mai gari, aka ce duk wanda ya cika tifa za a sallame shi da hatsi. Cikin waɗanda suka fara ɗaukar diga har da baffana, ƙanen babana, autan kakata. Mutum ne dogo mai yawan dariya, shi ya koya mini ɗana tarkon kurciya. Bai daɗe da aure ba, matarsa tana da tsohon ciki.

Ranar da zai fara aikin ce kaɗai na ga kakana da kakata sun tsaya a magana ɗaya game da ganuwar. Shi yana cewa gadon gari ce, ita tana cewa makabarta ce. Baffa ya durƙusa gabansu, kansa a ƙasa, ya ce, “Inna, mi za mu ci? Yarinyar ga kwana take da yunwa, ni kau nika kallonta. In ban fasa ba wani na fasawa.” Kakata ta shiga ɗaki ta fito da tsohon zanenta, ta naɗa masa gammo.

Sun yi kwanaki suna aiki. Daga gida muna jin bugun diga tun hantsi har la'asar, kuma a karon farko cikin watanni hayaƙin tuwo ya tashi a gidajen unguwarmu. Manyan duwatsu a ƙasa suke, su ke saurin cika mota, don haka mutanen suka riƙa rarake gindin ginin suna barin saman a rataye.

Ranar da abin ya faru an aike ni in kai wa baffa ruwa a gora. Na kai rabin tudun ke nan na ji ƙarar. Ba ta yi kama da tsawa ba, daga ƙasa ta fito. Jar ƙura ta tashi ta rufe kukokin, sannan na ji maza suna salati suna kiran sunansa.

Da hannu aka yi tonon, don ana tsoron diga ta same shi. Abin da aka fara cirowa ba baffa ba ne. Ƙashi ne, tsoho, ya yi launin ƙasar da ya kwanta a ciki. Aka ajiye gefe aka ci gaba. Sai ƙoƙon kai, sai wani, sai ƙashin ƙauri da zoben ƙarfe a jikinsa, tsatsa ta cinye rabinsa. Ana gab da azahar aka kai ga ƙafar baffa. Babana ya taɓa, ya ɗago ya dubi sama, ya zauna a kan duwatsun.

A ranar kakata ta hau tudun. Ba wanda ya kira ta, ba wanda ya iya tare ta. Ta durƙusa ta share ƙasar da ke fuskar ɗanta da bakin mayafinta, a hankali, kamar mai goge wa yaro majina. Ba ta yi kururuwa ba. Da ta gama ta juya ta dubi ƙasusuwan da aka tara, ta cire mayafin ta shimfiɗa a ƙasa, ta fara ɗauka ɗaya bayan ɗaya tana jerawa.

Liman ya yi jinkiri, ya ce ba a san ko musulmi ba ne. Kakana ya ce, “Malam, ko su wa ne, sun daɗe da kaya bisa kai. A sauke musu.” Aka yi wa baffa salla aka rufe shi, aka haƙa wani rami kusa da shi aka sa ƙullin mayafin.

Zan so in ce maka daga ranar aka bar ganuwar. Ba a bar ta ba. Bayan addu'ar bakwai tifa ta dawo, mutanen da suka tono baffa da hannunsu suka koma da digoginsu, domin yunwa ba ta tafi ba. In sun ci karo da ƙashi sai su ture shi gefe da shebur. Hatsin da baffa ya yi wa aiki aka kawo gidanmu, aka tuƙa, kowa ya ci, har da ni. Kakana bai sake ba ni labarin mahaya ba har ya rasu. Matar baffa ta haifi namiji da faɗuwar ruwan farko.

Yanzu ni malamin firamare ne. A littafin da nake koyarwa da shi akwai hoton dalar Masar da na ganuwar ƙasar Sin. Yara suna buɗe baki suna tambayar wane sarki ne ya yi wannan. Ina gaya musu abin da littafi ya ce, amma idona kan layin duwatsun ƙasa yake tsayawa. Tamu ganuwar ba ta shiga littafi ba. Abin da ya rage bai wuce kututture nan da can ba, sauran tana ƙarƙashin hanya da harsashin shaguna.

Bara na je gida ta'aziyya, bayan 'yan bindiga sun shiga ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu sun kore shanu sun tafi da mutane. Na tarar da mazan garinmu, yara da tsofaffi, suna haƙa rami mai zurfi kewaye da gidaje don kada babura su shigo. Ba sarkin da ya tilasta musu. Ɗan baffana ne ke gaba, dogo kamar ubansa, ƙasa har gira. Na tsaya a bakin ramin na ce masa ya kula da gefen, yashi ne, yana iya zubowa.

Ya ɗago ya share gumi, ya ce, “Na sani, Yaya. To ina za mu?”

Ya sunkuya ya ci gaba da haƙa. Na tuɓe rigata, na karɓi shebur daga hannun wani tsoho da ya gaji, na sauka.