Turken Gindin Tsamiya

Da aka rushe unguwarmu a Kontagora ban yi gardama ba. An ce za a fitar da tituna miƙaƙƙu, a sake yanka filaye, kowa ya dawo ya yi gini a layi. Masu awo suka zo tare da wani Bature, suka kakkafa turakun katako, kowane da rubutu a jikinsa. Ɗaya ya faɗo daidai inda ɗakin mahaifiyata yake, kusa da tsamiya. Na tambayi wani lebura a cikinsu, ya ce, “Baba, kai dai kada ka bari ya ɓata.” Sai na ɗauka shaidar filina ke nan.

Muka koma bayan gari, muka kafa ɗakunan zana kafin a kira mu. Masu awo suka tafi, ba su dawo ba.

Damina ta farko ciyawa ta rufe wurin. Ta biyu gara ta kama turken. Kafin ta gama da shi na saro ƙirya, na sa ƙusa a wuta, na kwafi zanen a jiki yadda na gan shi, ban san ko ɗaya daga ciki ba. Na kafa a ramin na da. Kowace shekara ina zuwa da fartanya in share kewayensa.

Maƙwabcinmu, wani Bakambare daga wajen Auna, bai jira kowa ba. Ya shuka dawa a tsohon gidansa. In ya gan ni durƙushe sai ya ce, “Maƙwabci, turken naka ya yi 'ya'ya bana?”

In ce, “Sai baɗi.”

“To in ya nuna a ɗanɗana mana.”

Mahaifiyata kuwa tambayarta ɗaya ce duk ranar da na dawo: “An zo?” In ce, “Ba a zo ba tukuna, Inna.” Ita dai so take ta sake kwana a gindin tsamiyar nan. A damina ta biyar ta rasu, a ɗakin zana.

Bayan haka ne aka buɗe ajin koyar da manya karatu, na shiga, da furfurata. Bayan la'asar muke zama a rumfa, kowa da allonsa. Kaina ba ya da sauri, amma ban taɓa fashi ba.

Wata safiya na je sharar turke kamar kullum. Na goge ƙasar da ke jikinsa, sai idona ya tsaya a kan zanen. Na haɗa baƙaƙen a hankali, kamar yadda malaminmu ya koya mana. Hanya. Abin da aka rubuta ke nan, kuma da hannuna na kwafe shi. Na miƙe na duba: ga guntayen sauran turakun da gara ta rage can a jere cikin ciyawa, sun nufi kasuwa. Ashe tsakiyar titi nake yi wa gadi.

Ban ji komai a raina ba. Na ƙarasa sharar, tunda na riga na fara. Daga nan na wuce wurin maƙwabcina na ce ya sam mini irin dawa.

Ya dube ni, bai yi tsokanar ba ranar. Ya ce, “A ina za ka shuka?”

Na ce, “Gindin tsamiya.”

Ya shiga rumbu ya ɗebo mini.